Liyafar da Maigidana Ya Shirya wa Iyayena Ta Zame Mana Rigima

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina zaune a Abuja tare da maigidana da 'ya'yanmu. Bayan mahaifina ya yi ritaya daga aikin koyarwa, shi da mahaifiyata sun kawo mana ziyara, sai maigidana ya ce zai karrama su da cin abincin dare a wani babban gidan abinci da ke Maitama. Wurin ya ƙayatu, farfesun kifin da aka fara kawowa da cinyar ragon da maigidana ya zaɓa kuwa ba a magana, har Umma ta yaba. Amma gasasshen naman san da aka kawo wa Baba, yana sa wuƙa sai ga cikinsa jajawur yana tsattsafo da ruwa. Ya ci dankalin da ke gefe ya ajiye cokali bai ce uffan ba. Shinkafar Umma ba ta iso ba sai da muka kusa gamawa, ta zo kuma ta huce. Wata yarinya cikin ma'aikatan ta yi ta ba mu haƙuri cikin ladabi, shi kuwa saurayin da ke kula da teburinmu sai mun gaji da ɗaga hannu kafin ya waiwayo. Da aka kawo takardar kuɗi, abincin naira 160,000 ya koma 188,000. Maigidana ya biya bai ce komai ba, har da ba da tukuici. Raina ya ɓaci, na sa aka kira manaja na faɗa masa maganganu a gaban iyayena da sauran jama'a, a mota kuma na ce wa maigidana shirunsa ne ya sa aka raina mu. Tun daga ranar ya ɗauke mini wuta, ya ce na kunyata shi a gaban surukansa, ni kuwa a ganina haƙƙin mahaifina na kare. Na ɗauki hoton naman da na saurayin, ina so in sa a Facebook mutane su gani, shi kuma ya ce bai amince ba. Anti, laifi na yi? Kuma in sa hotunan ko in haƙura?

Ƙanwarki daga Abuja.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki, kuma ban ga abin mamaki a ɓacin ranki ba, domin babu 'yar da za ta ga mahaifinta ya tashi da yunwa daga walimar da aka shirya dominsa zuciyarta ba ta sosu ba. Sai dai kin ɗaure magana biyu da igiya ɗaya, wato abin da gidan abincin nan ya yi muku da kuma abin da ya shiga tsakaninki da maigidanki. Ta farkon ƙarama ce kuma hanyar warware ta a fili take. Ta biyun ita ce mai nauyi, kuma ina kyautata zaton ita ce ta sa kika ɗauki waya kika rubuto mini, ko da yake tambayar hotunan ce kika sa a gaba.

Bari mu fara da naman Baba. A gidajen abinci masu bin tsarin Turawa, ana gasa yankan naman sa mataki-mataki gwargwadon son mai ci. Akwai wanda ake sauke shi zafin cikinsa bai wuce digiri 55 zuwa 57 a ma'aunin Salsiyas ba, tsakiyarsa ja ce kuma tana da ruwa, akwai kuma wanda ake bari ya kai digiri 70 ko fiye har jan ya ɓace gaba ɗaya. Yawancin kukun irin waɗannan wurare sun fi alfahari da na farkon, kuma shi suke kawowa idan ba a faɗa musu komai ba. Jan ruwan da kika gani ba jinin yanka ba ne, ruwan jikin tsoka ne gauraye da sinadarin da ke ba nama launinsa, saboda haka ki kwantar da hankalinki idan kina tunanin an ba Baba abin da bai halatta ba ta wannan fuskar. Amma wannan bayani bai wanke su ba. Ƙa'idar aikinsu ita ce mai ɗaukar oda ya tambayi baƙo yadda yake so a gasa masa naman, kuma wanda ya ga dattijon da ya saba da tsire da balangu da naman da ya nuna luguf a miya ya zaɓi wannan abinci, ya kamata ya tsaya ya yi masa bayani. Ba ki ce an tambaye ku ba, don haka kuskuren nasu ne. Haka nan ma'aikacin da ya ɗauke faranti ya ga nama kwance ba a taɓa ba, aikinsa ne ya tambaya ko akwai matsala, domin mayar da naman kan wuta ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci.

Shinkafar Umma ma kuskure ne, kuma a wajena ya fi na naman muni, domin abu na farko da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa a irin wannan wuri shi ne a kawo abincin mutanen teburi ɗaya a lokaci ɗaya. Sai dai ki sani cewa irin wannan jinkiri galibi daga kicin yake tasowa: ko takardar odar ta ɓace a tsakanin sassan girki, ko an girka an ajiye ana jiran wanda zai ɗauka, ko kuma an karɓi baƙi fiye da ƙarfin ma'aikatan da ke aiki a daren. Shinkafar da ta zo a huce alama ce ta cewa ta daɗe a ajiye. Saurayin nan yana da nasa kason laifin na rashin waiwayo ku, amma wanda ya raba masa tebura da wanda ya koya masa aikin, ko ya kasa koya masa, suna ofis. Idan kika sa fuskarsa a gaba, kin bar jaki kina dukan taiki.

Game da kuɗin, na yi lissafi na ga ƙarin naira 28,000 ya yi daidai da kashi 17.5 cikin ɗari na 160,000. Wannan ya dace da harajin VAT na kashi 7.5, wanda gwamnatin tarayya ta ɗaga daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020, wato naira 12,000, da kuma kuɗin hidima na kashi 10 da manyan otal-otal da gidajen abinci da yawa suke ɗorawa, wato naira 16,000. Ki duba rasit ɗin ki tabbatar haka aka rubuta. Harajin ba na gidan abincin ba ne, na gwamnati ne, don haka babu abin jayayya a kansa. Kuɗin hidimar kuwa nasu ne, kuma tambayar da za ki yi ita ce ko an rubuta shi a takardar jerin abincin da aka ba ku tun farko, domin sau da yawa yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Idan an rubuta, ba a yaudare ku ba, sai dai kina da damar cewa an karɓi kuɗin hidimar da ba a yi ta yadda ya kamata ba. Idan ba a rubuta ba kuwa, ƙorafinki ya ƙara ƙarfi sosai.

To, ashe kina da gaskiya a kan gidan abincin. Inda aka samu tangarɗa shi ne lokaci da wuri da kuma wanda ya yi maganar. Lokacin da ƙorafi yake da amfani shi ne sa'ad da naman yake gaban Baba, a kira ma'aikaci a hankali a ce don Allah a ƙara gasa wannan sosai, a kuma duba mana shinkafar Hajiya. Da an yi haka, da Baba ya ci abincinsa. Ke ce kika fi kowa dacewa da yin wannan a teburin, tunda ke ce 'yarsa kuma kin san cimarsa. Maganar da aka yi bayan an biya kuɗi ana shirin fita ba ta ƙosar da kowa ba, sai dai ta juyo da idanun mutanen da ke sauran tebura zuwa kan iyayenki.

Yanzu ki ɗan zauna a kujerar maigidanki ki dubi daren nan da idonsa. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa har yau suruki ba ya sakin jiki ya ci abinci a gaban surukansa, wani ma ko ruwa ba zai sha ba. Mutumin nan ya haɗiye wannan kunyar, ya zauna teburi ɗaya da Baba da Umma, ya fitar da kuɗin da ya haura ninki biyu da rabi na mafi ƙarancin albashin ƙasar nan, wanda aka mayar naira 70,000 a shekarar 2024, duk don ya nuna wa iyayenki cewa 'yarsu tana hannun wanda ya san darajarsu. Shi ne mai masauki a wannan dare. Duk abin da ya lalace a teburin, a ransa shi ya lalata, tunda shi ya zaɓi wurin. Ina da yaƙinin ya ga farantin Baba kamar yadda kika gani, kuma ya ji zafinsa ba kaɗan ba. Amma idan mai masauki ya tsaya yana jayayya a kan takardar kuɗi a gaban surukinsa, me Baba zai ɗauka? Zai ɗauka kuɗin ne ya yi wa yaron nan yawa, ya fara jin nauyin cewa shi ya jawo masa ɗawainiya, wataƙila ma ya sa hannu a aljihu. Wannan shi ne abin da maigidanki ya guje wa da ya biya bai ɗaga kai ba, kuma tukuicin da ya bayar ma wani ɓangare ne na rufe maganar cikin mutunci. Shirun da kika fassara da rauni, a wurinsa kara ce ya yi wa iyayenki.

Da kika kira manaja, kin karɓe masa matsayin mai masauki a bainar jama'a, kin kuma bayyana wa iyayenki cewa karramawar da ya shirya ba ta yi ba, abin da su da kansu suke ƙoƙarin ɓoye masa. Sannan maganar cikin mota ta zo ta ɗora a kai. A ganina ita ce ta fi yi masa ciwo, musamman idan Baba da Umma suna zaune a baya suna ji, domin ce wa namiji shi ya sa aka raina iyalinsa magana ce da ba ta saurin fita daga zuciya. Ba ina cewa ba shi da nasa kuskuren ba. Zai iya tashi kamar zai je wanke hannu ya sami manajan a gefe tun abincin yana kan teburi, kuma ɗauke wuta na tsawon lokaci ba hanyar gyara ba ce, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle miji da mata da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma ke kika rubuto mini, kuma abin da ke hannunki shi zan faɗa miki.

Shi kuwa Baba, ki lura da abin da ya yi. Ya ci abin da zai iya ci ya bar sauran bai aibata ba, wanda shi ne ladabin da aka ruwaito daga Annabi a hadisin Abu Huraira, cewa bai taɓa kushe abinci ba, idan yana sha'awarsa ya ci, idan ba ya so ya bari. Dattijon da ya ƙare rayuwar aikinsa yana koyar da 'ya'yan mutane ya san abin da yake yi. Ya zaɓi ya kwana da 'yar yunwa a kan ya sa surukinsa jin kunya. Wannan ladabi bai hana mai saye neman haƙƙinsa a wurin mai sayarwa ba, domin ciniki ne aka yi aka biya, amma yana nuna miki abin da mahaifinki ya fi ba muhimmanci a daren. Idan kika tambayi Umma a keɓe, ba zan yi mamaki ba idan ta ce miki hayaniyar bakin ƙofa ta fi naman damun su.

Saboda haka matakin farko a gida yake. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci kuma hankalinsa yake kwance, ki fara da godiya a kan abin da ya yi wa iyayenki, ki ambaci ɗawainiyar da sunanta, domin mai yiwuwa a cikin rigimar nan ba a taɓa ce masa an gode ba. Sannan ki ba shi haƙuri a kan abu biyu takamaimai, wato ɗaga murya a gaban su Baba da kuma maganar da kika faɗa a mota. Kada ki haɗa ban haƙurin da "amma ai kai ma", domin wannan kalma tana rushe duk abin da ya gabace ta. Ba sai kin ce gidan abincin ya kyauta ba, tunda bai kyauta ba, kuma ba sai kin janye cewa ganin Baba bai ci ba ya ƙona miki rai ba. Idan ya sauko, a wannan zaman ko a wani, sai ki faɗa masa cewa shirunsa na kwanakin nan ya yi miki nauyi, kuma kin fi son ya faɗa miki laifinki ko da da zafi ne. Ku kuma yi yarjejeniya a kan gaba: idan kuna tare da manya a waje aka sami matsala, waye zai yi magana, kuma da wace alama za ki sanar da shi ba tare da kowa ya lura ba. Zai yi kyau ki kira Baba ki ba shi haƙuri shi ma, ki kuma bari maigidanki ya ji daga bakinki cewa iyayenki sun yaba da karamcinsa, idan har sun faɗi hakan.

Batun Facebook kuwa, shawarata ita ce kada ki sa hoton saurayin nan ko kaɗan, ki ma goge shi daga wayarki. Kin ɗauke shi ba da izininsa ba, kuma abin da zai biyo baya ba ya wuce a kore shi daga aiki a huce haushin jama'a a kansa, kicin ɗin kuma ya ci gaba da yadda yake. Ban da wannan, rubutu a kan kasuwancin wani a intanet ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. A shekarar 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas saboda abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani, aka kai ta Abuja, maganar ta kai har gaban Babbar Kotun Tarayya ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Mutane da yawa sun yi tir da kamun, ni ma ban ga dacewarsa ba, amma ya isa ya nuna miki cewa rubutun da aka yi cikin fushi yana iya jawo wahalar da ta fi naira 28,000 nesa ba kusa ba. Sannan ga maigidanki ya ce bai amince ba, kuma dalilinsa a fili yake: duk wanda ya san ku zai gane cewa walimarsa ce ake magana a kai, abin da mutanen tebura kaɗan suka gani zai zama abin da dangi da abokan aikinsa za su karanta.

Wannan ba ya nufin ku yafe haƙƙinku. Bayan kun shirya, ki ba shi shawarar ku rubuta wa shugabannin gidan abincin takarda ko saƙon imel tare, da sunansa a ƙasa tunda shi ya biya. Ku faɗi ranar da lokacin da lambar rasit, ku haɗa da hoton naman. Ku fara da abin da ya yi kyau, farfesun da cinyar ragon da kuma yarinyar nan mai ladabi, wadda ta cancanci shugabanninta su ji labarinta, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma kuma ita kaɗai ta yi muku ita a daren. Daga nan ku kawo abubuwa ukun da suka faru ba tare da ƙari ko zagi ba: ba a tambayi yadda za a gasa naman ba, abincin mutum ɗaya ya makara ya zo a huce, kuma an yi ta kira ba a amsa ba. Ku faɗi abin da kuke nema a sarari, misali a mayar da kuɗin naman da kuɗin hidimar. Takardar da ta yaba inda ya dace ta kuma yi ƙorafi inda ya dace ta fi saurin samun amsa, domin manaja yana ganinta ya san ba mai neman cin banza ba ne ya rubuto. Tunda kin riga kin faɗa masa maganganu, jimla ɗaya da ke nuna cewa zafin rai ne ya kawo hakan za ta buɗe ƙofar da wataƙila ta rufe.

Idan suka yi biris, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka kafa da dokar shekarar 2018 kuma hedikwatarta tana nan Abuja, tana kuma karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Dokar ta tanadi cewa a bayyana farashi ga mai saye kuma kada a karɓi fiye da abin da aka bayyana, ta kuma ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ni dai ba zan ce ku kai maganar can a kan faranti ɗaya na nama ba, sai fa idan ya tabbata cewa ba a rubuta kuɗin hidimar a ko'ina ba kuma suka ƙi saurarenku. Idan kuma daga baya kuka ga kuna so ku bar sharhi a shafin da masu zuwa wurin suke dubawa, ku rubuta abin da kuka gani kawai, mai daɗi da mara daɗi, ba sunan ma'aikaci ba hotonsa, kuma da yardar ku biyun.

Nan gaba idan za ku kai manya irin wannan wuri, ku fara zuwa ku biyu ku gwada, ko ku kira ku tambaya tun kafin ranar. Ku ce a gasa nama har ya nuna sosai, ku nemi a kawo abincin dattawa da farko, ku kuma tambaya ko ana sa giya a miyar da ake zubawa a kan naman ko a kayan zaƙin bayan abinci, domin girke-girken Faransa da Italiya da yawa suna da ita kuma ba kullum ake rubutawa ba. Naman kaza da niƙaƙƙen nama kuwa hukuncinsu daban ne da yankan naman sa, idan suka zo ba su nuna ba a mayar da su nan take saboda lafiya.

Mai yiwuwa gidan abincin ya amsa da gayyatar ku sake zuwa ku ci kyauta, kamar yadda irin waɗannan wurare suka saba. Ki bar wa maigidanki zaɓin karɓa ko ƙi, kuma idan kun je, ku je ku biyu ba tare da su Baba ba. Idan kuma kin yi duk abin da na faɗa har mako ya zagayo bai sauko ba, kada ki kai ƙara wurin iyayenki, domin sanya su a ciki zai ninka masa kunyar da yake ji. Ki nemi yayansa ko wani amininsa da yake jin maganarsa, ki faɗa masa abin da ya faru har da naki kason, ki roƙe shi ya zauna da ku. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kuma sa albarka a hutun Baba.